Gargaɗin Muridai Bisa Cacar Karta da Ake Kira Foka

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa da hikimarsa, ya buɗe musu ƙofofin noma da fatauci da sana'a, ya rufe musu ƙofar cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce daga bawan Allah mai rauni, tsoho wanda gemunsa ya yi fari bisa allo da tawada, zuwa ga 'yan'uwa muridai na kusa da na nesa, tun ba waɗanda neman abinci ya kai su ƙasashen Turawa ba. Allah shi yi mana muwafaƙa da ku ga abin da yake so kuma ya yarda da shi.

Sababin rubuta ta, wani almajirina ne da na karantar tun daga babbaƙu har sauka, na kuma ba shi wuridi da hannuna. Ya tafi Amurka, ya zauna birnin Hustan cikin jihar Teksas yana tuƙin mota, shekaru yana aiko wa mahaifiyarsa da abin da ya sawwaƙa. Da ya zo ganin gida sai ya same ni cikin zaure bayan lisha, aka kawo tuwo bai sa hannu ba, ya sunkuyar da kai ya ce: Allah gafarta Malam, na ci amana, kuma karta ce ta kai ni. Na ce masa: ɗana, malamai ba su yanke hukunci ga abu sai sun san siffarsa, saboda haka siffanta mini wasan nan tun daga farkonsa har ƙarshensa, kada ka ɓoye mini komai. Muka yi dare uku yana faɗi ina tambaya. Ya yi mini izini in ba ku labarinsa ba da sunansa ba, don wani shi tsira.

Fasali na farko, cikin siffar wasan

Ku sani, ya 'yan'uwa, wasan sunansa foka, kuma yana da iri-iri. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira holdam, ana danganta shi ga Teksas, har majalisar jihar ta yi matsaya cewa garin Robstown ne mahaifarsa, cikin shekara ta 2007. 'Yan cacar Teksas suka kai shi birnin Las Begas cikin shekarun 1960, kuma a 1970 wani mai gidan caca, Benny Binion, ya fara tara su ga gasar da ta zama babbar gasar foka ta duniya. Amma kada wani shi ce Nasara suka ƙago karta. Masana tarihi sun tafi a kan cewa daga Misira ta zamanin Mamluk ta ƙetara zuwa Turai cikin ƙarni na 14. Son banza ba shi da ƙabila.

Kartar guda 52 ce, iri huɗu, biyu ja biyu baƙi, kowane iri 13. Mafi girma ita ce wadda suke kira as, sa'an nan sarki, sa'an nan sarauniya, har zuwa biyu. Mutane kamar tara ko goma su kewaye tebur. Kowa shi ba da kuɗinsa a musanya masa da waɗansu 'yan faya-fayai masu launi kamar kwabbai, da su ake zubi. Tun ba a raba karta ba, mutum biyu su yi zubi na tilas, ƙarami da babba, suna kiransa zubin makaho domin mai yinsa bai ga komai ba tukuna. Sa'an nan a ba kowa karta biyu a kife, shi kaɗai yake ganinsu. A yi zagayen zubi: ko mutum shi janye shi bar abin da ya zuba, ko shi biya daidai da na gabansa, ko shi ƙara. Sa'an nan a buɗe karta uku tsakiyar tebur, na kowa da kowa ne, a sake zubi. A buɗe ta huɗu, a sake zubi. A buɗe ta biyar, wadda suke kira kogi, a yi zubin ƙarshe. Wanda biyar ɗinsa suka fi kyau cikin bakwai ɗin nan shi kwashe tulin. Biyu masu kama sun fi waɗanda ba su haɗu ba, uku masu kama sun fi biyu-biyu, biyar a jere sun fi uku, biyar iri ɗaya sun fi jere, haka har sama. In kuwa kowa ya janye, wanda ya saura shi kwashe ba tare da ya nuna kartarsa ba. Daga nan burga ta shigo: mutum ba shi da komai a hannu, shi yi zubi mai nauyi don a zaci yana da shi, a tsorata a bar masa.

Abu biyu ku riƙe. Na farko, irin da yaron nan ya shiga ba shi da iyaka: kowane lokaci mutum yana iya tura dukan abin da ke gabansa bugu ɗaya. Na biyu, ba irin gasar nan ba ce da ake biyan kuɗin shiga sau ɗaya, wanda nasa suka ƙare shi tafi gida. Wannan zaman kuɗi hannu ne cikin gidan wani, faya-fayan kuɗi ne tsabarsu, in sun ƙare ka sa hannu aljihu ka sayi waɗansu, babu mai tashinka, babu lokacin tashi.

Fasali na biyu, cikin abin da ya faru gare shi

Ya ce: Malam, farkonsa wani abokin aiki ne ya kira ni gidansa daren Asabar, wai hira da cin nama. Na tarar da su cikin ɗakin ajiye mota, zubin makaho dala 1 da dala 2, kowa ya sayi na dala 200. Dare biyu ina kallo, na uku na zauna, na tashi da riba. Na ce: ɗana, wannan ribar ita ce ƙugiya. Da an cinye ka daren farko da ka huta.

Ya ce ya sayi littattafan wasan ya koyi lissafinsa, ya zama yana ci fiye da yadda ake cinsa, har teburin abokai ya yi masa kaɗan, aka kai shi wani gida inda zubin ya fi girma, mai gidan kuma yana cire la'ada daga kowane tuli. A lokacin nan akwai dala 2,000 a hannunsa, 'yan garinsu mazauna can suka tara don marayun wani ɗan'uwa da ya rasu, suka ba shi amana shi aika gida.

Wani dare aka ba shi as biyu. Ya ce babu farko da ya fi wannan, domin hanyoyin da karta biyu ke haɗuwa 1,326 ne, shida kaɗai daga ciki ne as biyu, wato sau ɗaya cikin 221. Wani ya ƙara, shi ya ƙara, wancan ya tura dukan nasa, shi ma ya tura dala 900 da ke gabansa. Aka buɗe, wancan sarki biyu gare shi. Bisa lissafi as biyu suna rinjayar sarki biyu wajen sau huɗu cikin biyar. Aka buɗe uku babu sarki, aka buɗe ta huɗu babu sarki. Saura karta 44 da ba a gani ba, biyu kaɗai ke ceton abokin karawarsa. Aka buɗe kogi, sai ga sarki.

Ya ce: Malam, ban san lokacin da na isa mota na ɗauko ambulan marayu ba. Zuciyata tana ce mini aro ne, yanzu ka mayar. Na koma na zauna, amma lissafin da na koya duk ya tashi, ina zubi ga abin da na san bai kamata ba, don dai in fanshe. Da na fito rana ta yi sama, babu ko dala ɗaya, ban yi asuba ba, na ga tasbahata rataye ga madubin mota na kasa taɓa ta. Garin neman gira ya rasa ido.

Fasali na uku, cikin hukuncinsa

Ku sani, Allah shi jiƙanmu da ku, duk wasan da kowane ɓangare ya sa dukiya, kowa yana tsakanin shi ci ko a ci shi, abin da ɗaya ya samu kuma shi ne abin da ɗaya ya rasa, wannan shi ne ƙimari, shi ne maisir, shi ne caca da harshenmu. Haramcinsa ya tabbata da Littafi da Sunna da haɗuwar malamai. Ku duba Suratul Baƙara aya ta 219, inda aka haɗa shi da giya, aka tabbatar yana da wani amfani, aka bayyana zunubinsa ya rinjayi amfaninsa. Sa'an nan ku duba Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda aka jera shi da giya da gumaka, aka yi umarni da nisantarsa, aka faɗi illarsa: ƙiyayya tsakanin mutane, da kangewa daga ambaton Allah da salla. Ku lura da kalmar nisanta, ta fi kalmar bari faɗi, domin ta haɗa da zaman kallo, da rakiya, da aron ɗaki, da rabon karta.

Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca, da kiran kaɗai an umarce shi da yin sadaka. In wannan ne halin mai kira da baki, ƙaƙa halin wanda ya kwana bisa tebur? Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana wasa da nardi da shaɗaranji, kuma Shaihu Halilu cikin Muhtasar ya lissafa wasan nardi cikin abin da ke zubar da adalcin mai shaida. Waɗannan littattafai ne da ke hannun kowane almajiri a ƙasarmu.

Fasali na huɗu, cikin shubuhohin da ya kawo da jawabinsu

Shubuha ta farko, ya ce: wannan ba kamar kuri'a ba ne, wasan gwaninta ne. Na ce: na yarda akwai gwaninta cikinsa, ba na musun abin da yake gaskiya, gwani yana rinjayar jahili in zama ya yi tsawo. Amma gwanintarka ta hana sarki fitowa? Kai da bakinka ka ce ko mafi kyawun karta ana cinye ta sau ɗaya cikin biyar. Kuma shari'a ba ta rataya haramci ga rashin gwaninta ba, ta rataya shi ga cin dukiyar wani ba da musayar komai ba. Shaɗaranji babu sa'a cikinsa ko kaɗan, amma in an sa masa kuɗi daga ɓangare biyu babu malamin da ya halatta. Abin da aka yi rangwame cikinsa shi ne tseren dawaki da raƙuma da harbi, da sharuɗɗansa sanannu cikin littattafan fiƙihu.

Sa'an nan na tambaye shi: gwani, daga wa yake ci? Ya yi shiru, kana ya ce: daga raunana, Malam. Suna kiran wanda bai iya ba kifi. Gwani yana neman teburin da akwai mashayi, ko mai fushi, ko wanda ya karɓi albashi yau, a yi masa fara'a, a ba shi abinci, don kada shi tashi. Na ce: to ka ji sana'ar da ka koya. Manomi yana murna da damina, maɗinki yana murna da salla, kai kana murna da ranar da hankalin ɗan'uwanka ya gushe.

Shubuha ta biyu, ya ce: kowa da yardarsa ya zauna. Na ce: mai ba da riba da mai karɓarta su ma sun yarda, yardarsu ba ta halatta ta ba. Kuma wace yarda ce? Babu wanda ya zauna don shi ba ka, kowa ya zauna don shi karɓe naka. Ka tambayi matarsa da 'ya'yansa ko sun yarda.

Shubuha ta uku, ya ce: fatauci ma akwai kasada, ana riba ana faɗuwa. Na ce: falke ya ɗauki goro daga kurmi ya kai inda babu, mai saye ya sami goro, mai sayarwa ya sami kuɗi, mai jaki ya sami lada, kowa ya koma gida da wani abu. Teburinku fa, me ya ƙaru cikinsa tun daga magariba har asuba? Ba a shuka ba, ba a saƙa ba, ba a kai kaya ko'ina ba. Kuɗin da suka shiga ɗakin su ne suka fita, sai dai sun sake aljihu. A gidan la'ada ma ba su kai ba. Muka yi lissafi tare bisa misali: mutum tara kowa ya kawo dala 500, jimla 4,500. A raba karta sau 30 cikin sa'a, mai gida shi cire dala 5 kowane rabo, cikin sa'a shida ya tara 900. Kashi ɗaya cikin biyar na dukiyar ɗakin ya tafi ga wanda bai yi kasadar komai ba, sauran kuwa suna yaƙi bisa abin da ya rage.

Shubuha ta huɗu, ya ce: ina yin sadaka daga abin da na ci. Na ce: Larabawan jahiliyya sun riga ka. Sukan yanka raƙumi, su sa kibau goma cikin jaka, bakwai masu rabo daga ɗaya har bakwai, uku babu komai, waɗanda kibansu suka fito wofi su biya kuɗin raƙumin, waɗanda suka ci kuwa su rabar da naman ga matalauta suna alfahari, suna zagin wanda ba ya shiga da rowa. Wannan ce cacar da aka saukar da haramci a kanta, alhali naman miskinai ke ci. Allah mai tsarki ne, ba a kusantarsa da ƙazanta, kuma ba a wanke najasa da fitsari.

Shubuha ta biyar, ya ce: dokar Teksas ba ta kama wanda ya yi wasa cikin gida, matuƙar babu mai cire la'ada. Na ce: dokar can ta bar giya da naman alade, ka ci? Kuma gidan na biyu da ka koma, ko ga dokarsu ya fita daga wannan rangwamen.

Shubuha ta shida, ya ce: akwai waɗanda suka yi arziki da shi. Ya ba ni labarin Chris Moneymaker, wani ma'aikacin lissafin kuɗi daga jihar Tenesi, wanda ya sami shiga babbar gasa ta hanyar intanet da abin da bai kai dala 100 ba, ya ci dala miliyan 2 da rabi a 2003. A shekarar nan mutum 839 suka shiga, kuɗin kujera dala 10,000, zuwa 2006 sun kai 8,773. Na ce: ka ga aikin labari ɗaya, ya jawo dubbai, kuma abin da ake ba mai ci daga aljihunsu yake fitowa. To wa ya fi kowa gwaninta cikinsu? Ya ce da yawa suna ambaton Stu Ungar, ya ci babbar gasar sau uku, 1980 da 1981 da 1997, a ta ƙarshen ya karɓi dala miliyan 1. Na ce: ina ya ƙare? Ya ce: a 1998 aka tsinci gawarsa cikin wani ɗakin haya mai araha a Las Begas, yana da shekara 45, dukiyar ta tafi ga ƙwaya da waɗansu cacace-cacace. Na ce: ba mu yi masa dariya, ba mu kuma san yadda namu ƙarshen zai zama ba, muna roƙon Allah kyakkyawan cikawa. Amma in wannan ne shehin sana'ar, me almajirinta yake jira?

Fasali na biyar, cikin abin da yake yi wa zuciya

Wannan fasali shi ne manufar takardar, domin hukuncin kowa ya san shi, wanda ya zauna bisa teburin ma ya sani. Ka sani, ya kai muridi, zuciya ƙwarya ɗaya ce, abin da ka zuba shi za ka sha. Mutanen wannan hanya sun gina tafiyarsu bisa gaskiya, da muraƙaba, da tawakkali, da ƙana'a, da so wa ɗan'uwa alheri. Wasan nan yana da kishiyar kowace ɗaya, kuma yana koyar da ita da naci irin na mai hadda.

Muridi yana wahala don ɓoyensa shi daidaita da bayyanensa. Ɗan foka yana wahala don fuskarsa ta saɓa wa zuciyarsa, in ya ji daɗi shi ɓata rai, in ya ji tsoro shi yi murmushi, wanda ya fi iya wannan shi ake yabo. Sa'a shida kana horon kanka ga haka, kana zaton in ka tashi za ka bar halin bisa kujera? Yaron nan ya ce da wannan fuskar ya riƙa gaya wa 'yan garinsu cewa kuɗin marayu suna hanya.

Muridi yana tsaron zuciyarsa domin ya san ana ganinsa. Ɗan foka shi ma yana da muraƙaba, amma ta bayi: yana kallon rawar hannun wancan, da numfashin wannan, yana kiyaye abin da kowa ya yi tun farkon dare. Wallahi da ɗayanmu zai halarto da zuciyarsa cikin raka'a biyu kamar yadda suke halarto da ita ga karta biyu, da ya ga abin mamaki.

Mai tawakkali yana riƙon sababin da aka halatta, shi bar sakamako ga Allah, zuciyarsa a kwance. Mai caca yana riƙon sababin da aka haramta, zuciyarsa tana rataye ga kartar da ba a buɗe ba. Na tambaye shi: lokacin da ake jiran kogi, me harshenka ke faɗi? Ya yi kuka ya ce: ina kiran sunan Allah. Subhanallahi. Kana roƙon Mai arzutawa shi taimake ka ga saɓa masa, kana roƙon shi tsiyata wanda ke zaune kusa da kai.

Sa'an nan ku dubi lokacin. Ba a yin zaman nan da hantsi, sai cikin dare, kuma ba ya yin zafi sai sulusin ƙarshe, sa'ar da masu neman gafara ke tashi. Ya ce wuridin safe ya fara zubewa, sa'an nan ya daina zuwa wazifa don kunyar 'yan'uwa, sa'an nan asuba ta koma bayan fitowar rana, kuma ko ya kabbara karta yake gani. Haka Shaiɗan yake, ba ya cewa bar salla, sai shi ce ƙara rabo ɗaya. Hikimar musanya kuɗi da faya-fayai ma ke nan: wanda zai yi nauyin hannu ga miƙa ladan aikinsa na mako, ba ya jin komai in ya tura 'yan kwabban roba.

Fasali na shida, cikin magani

Wanda aka jarrabe shi da wannan kada shi ɗebe tsammani, ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai kai maƙogwaro ba. Ga abin da na umarci ɗan nan da shi, shi nake umartarku.

Na ɗaya, bari nan take, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Kada ka ce sai na fanshe. Wannan kalma ita ce igiyar da aka ɗaure kowane ɗan caca da ita. Abin da ya tafi ka lissafa shi cikin abin da gobara ta ci.

Na biyu, mayar da haƙƙoƙi. Abin da ka ci daga mutane ba naka ba ne: wanda ka sani ka mayar masa, wanda ba ka sani ba ka fitar da gwargwadonsa ga mabukata da niyyar rabuwa da shi, kada ka lissafa shi cikin sadakarka. Amana da bashin da ka ɗauka a waje kuwa suna wuyanka har ka biya. Na ce masa shi tara waɗanda suka ba shi amanar shi faɗa musu gaskiya da bakinsa, shi yanka wa kansa abin da zai riƙa biya kowane wata. Ya ce: Malam, kunya. Na ce: kunyar mutum goma cikin ɗaki ta fi sauƙi bisa kunyar ranar da marayun za su riƙe ka gaban halitta duka.

Na uku, yanke hanya. Ka goge lambobinsu, ka fita daga zaurensu na waya, ka sake hanyar da kake bi in ta ƙofar gidan take. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada ka ce zan je kallo kawai, da kallo ka fara.

Na huɗu, kada ka riƙe kuɗi mai yawa kai kaɗai har zuciya ta yi ƙarfi. Ka sa matarka ko wani amintacce shi san shigarsu da fitarsu, kada ka karɓi ajiyar kowa.

Na biyar, cika wurin da ya zama wofi. Daren da ka saba zama can, ka zauna cikin 'yan'uwa, ka lazimci istigfari da salati ga Annabi, ka yi asuba cikin jam'i. Nafsu in ba ka ba ta aiki ba, ita za ta ba ka.

Na shida, in abin ya fi ƙarfinka ka nemi likita, babu aibi cikin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kamuwa da caca cikin cututtuka, kuma mutanen Amurka da kansu sun kafa ƙungiyar masu son barin caca a birnin Los Anjalis tun 1957, suna taruwa suna ƙarfafar juna. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Ku kuma muƙaddamai da manyan zawiya, in ɗan'uwa ya ɓace daga sahu ku neme shi tun da wuri, kada ku jira sai labari ya zo. In ya faɗa muku laifinsa ku rufa masa asiri, ku yi masa nasiha a keɓe, kada ku kore shi, domin in kun rufe masa ƙofarku, waccan ƙofar ba ta rufewa. Kuma kada ɗayanku shi ji daɗin ransa don bai taɓa riƙe karta ba. Cacar ƙwallo da ke cikin wayoyin 'ya'yanmu, da kuri'ar da ake saya da kuɗi, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da wannan, hukuncinsu ɗaya.

Ɗan nan ya koma bakin aikinsa, ya tara mutanen ya gaya musu, waɗansu suka yi fushi, waɗansu suka yi kuka tare da shi. Yana biya wata-wata, bai gama ba tukuna. Ku sa shi cikin addu'arku, ku sa ni.

Ya Allah ka wadatar da mu da halalinka ga barin haraminka, ka tsare hannuwanmu daga dukiyar mutane, ka tsare zukatanmu daga rataya ga waninka, ka karɓi tubar masu tuba, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka cika mana da imani. Abin da ya yi daidai cikin takardar nan daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, wanda ya gani shi gyara shi yi mini uzuri. Wanda ta isa hannunsa shi karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.